Me ake nufi da maganin hawan jini mai rage haɗarin ciwon suga?

Idan likita ya ce wani maganin hawan jini yana rage haɗarin ciwon suga, ba rigakafi yake nufi irin ɗigon shan inna ba. Nufinsa shi ne, a cikin masu shan maganin, waɗanda suga ke kamawa daga baya ba su kai yawan na sauran ba. Ragi ne kawai.

A 2021 mujallar Lancet ta wallafa wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama. An gano cewa saukar da lambar sama ta awon jini da maki 5 yana rage haɗarin ciwon suga nau'i na biyu da kashi 11 cikin ɗari. Amma magungunan ba ɗaya ba ne. Waɗanda sunansu ke ƙarewa da "pril", kamar lisinopril, da masu ƙarewa da "sartan", kamar losartan, sun rage haɗarin da kimanin kashi 16. Suna hana aikin sinadarin da ke matse jijiyoyin jini, kuma jiki kan fi jin insulin, wato sinadarin da ke saukar da suga a cikin jini. Amlodipine bai ƙara ba, bai rage ba. Atenolol da ƙwayoyin sa fitsari irin hydrochlorothiazide kuwa suna ƙara haɗarin. Su masu sa fitsarin suna zubar da sinadarin fotasiyam, wanda jiki ke buƙata wajen fitar da insulin.

Abin da nake tsoro ke nan: kada wani a Sakkwato ya ji haka ya ruga kemis ya sauya magani da kansa. Ga baƙar fata, amlodipine da masu sa fitsari sukan fi saukar da jini fiye da "pril" shi kaɗai, kuma shanyewar ɓarin jiki ba ta jiran kowa. Mace mai ciki kuma an hana ta shan "pril" ko "sartan", domin suna cutar da jariri. Wasu ma "pril" kan sa su busasshen tari.

Mai hawan jini da ke da teɓa, ko mai suga a dangi, ya faɗa wa likitansa hakan, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a asibitin unguwa, don a zaɓa masa wanda ya dace. Ya riƙa gwada suga duk shekara, ya rage gishiri da magi da lemon kwalba, ya riƙa tattaki da sanyin safiya kafin rana ta yi zafi.