Tsarki da keɓewa daga duniya a addinin Kirista

Tsarki, a koyarwar Kirista, shi ne mutum ya zama keɓaɓɓe domin Allah, halinsa kuma ya dace da wannan keɓewa. Tushen koyarwar yana cikin Littafin Firistoci 19:2, inda aka umarci Isra'ilawa su zama tsarkaka domin Allahnsu mai tsarki ne, kuma 1 Bitrus 1:15-16 ta ɗora wannan umarni a kan masu bin Almasihu. Masana tauhidin Furotesta suna bambanta barata, wato karɓar mai zunubi ta wurin bangaskiya, da tsarkakewa, wadda aikin Ruhu Mai Tsarki ne da ke tafiya tsawon rai.

"Duniyar" da ake guje wa ba mutane ba ne, ba kuma halitta ba. 1 Yohanna 2:16 ta taƙaita ta cikin abu uku: sha'awar jiki, sha'awar ido, da alfarmar zaman duniya. A Yohanna 17:15 Yesu bai roƙa a ɗauke almajiransa daga duniya ba, ya roƙa a kiyaye su daga Mugun, wato Shaiɗan. Manzo Bulus ma ya fayyace a 1 Korintiyawa 5:9-11 cewa bai hana cuɗanya da fasikan da ke wajen ikkilisiya ba, don da haka ne sai mutum ya bar duniyar gaba ɗaya. Wanda ya ce a ƙaurace wa shi ne mai kiran kansa ɗan'uwa alhali yana zaune cikin zunubi a fili.

Inda aka ja layin keɓewa ya sha bamban a tarihi. Antoniyo na Masar, wanda ya rasu a 356, ya koma hamada, daga irin rayuwarsa kuma zaman sufayen Kirista, masu keɓe kansu domin ibada, ya bunƙasa. A 1527 Anabaftis, Kiristocin da suka ƙi yi wa jarirai baftisma, suka rubuta ƙa'idoji bakwai a garin Schleitheim, ta huɗu a kan rabuwa da duniya, suka kuma ƙi rantsuwa da ɗaukar takobi. Daga cikinsu ƙungiyar Amish ta ɓalle a 1693 a ƙarƙashin Jakob Ammann, kuma ƙaurace wa wanda aka fitar daga ikkilisiya na cikin abin da ya raba su. Cocin Katolika, a Majalisar Vatican ta Biyu a 1964, ta jaddada cewa kiran tsarki na kowane mai baftisma ne, ba na firistoci da sufaye kaɗai ba.

Tsarin da ya fi bayyana yadda ake aikata abin a zahiri shi ne na John Wesley, jagoran ƙungiyar Metodis a Ingila. Ƙa'idodin da ya fitar a 1743 sun tsaya a kan ƙafa uku: barin mugunta, aikata alheri, da riƙon ibada kamar addu'a, azumi, karatun Littafi Mai Tsarki da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Almasihu. Abubuwan da ya hana sun shiga har cikin kasuwa: buguwa, sayar da barasa, cinikin kayan fasa-ƙwauri, cin riba haramtacciya, cin bashin da mutum ya san da wuya ya biya, da sa zinariya ko tufafi masu tsada. An raba jama'a aji-aji, kowane aji kusan mutum 12, shugaban aji kuma yana ganin kowa sau ɗaya a mako ya tambayi lafiyar ransa. Duk wata uku ake sabunta tikitin zama memba. Wanda ya yi sake ba a ba shi sabo. A Newcastle a 1743 Wesley ya fitar da mutum 64, cikinsu 17 saboda buguwa, 29 kuwa saboda sakaci da rashin ɗaukar abin da muhimmanci. Daga wannan gado ne ƙungiyar tsarki ta taso a Amurka a ƙarni na 19, har ta haifi Cocin Nazarene a 1908.

Idan memba ya faɗi, Matiyu 18:15-17 ta jera matakan horo: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi ji a koma da mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai maganar gaban ikkilisiya, fitarwa ce ta ƙarshe. Manufar ita ce maido da shi, shi ya sa 2 Korintiyawa 2:6-8 ta ce a gafarta wa wanda ya tuba don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ɓarna takan fara ne sa'ad da dattawa suka tsallake matakin farko suka kai zancen bainar jama'a, kunya ta kori mutumin maimakon ta jawo shi.

Matsala mafi yawa ita ce bin doka a bayyane kawai. Tsawon riga da rashin kayan ado suna da sauƙin aunawa, hassada da son kuɗi ba su da shi, don haka ikkilisiya kan karkata ga abin da ido ke gani. Markus 7:15-23 ta ce ƙazanta daga zuciya take fitowa, Kolosiyawa 2:20-23 kuma ta ce dokokin "kada ka taɓa" ba sa kashe sha'awar jiki. Akwai kuma ɗaukar cewa ikkilisiya ta tsarkaka zalla ce. Donatawa, wata ƙungiyar Kiristoci a Arewacin Afirka, a ƙarni na 4, sun ƙi amincewa da baftismar limaman da suka miƙa Littattafai Masu Tsarki ga hukuma lokacin da ake tsananta wa Kiristoci. Agustin, bishop na Hippo, ya amsa musu da misalin alkama da zawan, wato ciyawar da aka bari ta girma tare da alkama har lokacin girbi, ya ce ingancin baftisma daga Almasihu yake, ba daga halin mai yin ta ba, taron Kartaj na 411 kuma ya yanke hukunci a kan Donatawa.