Ma'anar ka'idar dainamo: yadda duniyoyi da taurari ke samun maganaɗisu

Duk wanda ya taɓa hawa keke da dare a Gusau ko Talata Mafara ya san dainamo, wato 'yar kwalbar ƙarfen nan da ake jingina wa taya, wadda muddin keke na tafiya fitila na ci, da zarar ya tsaya kuma sai ta mutu. Wannan suna masana kimiyya suka ɗauka suka raɗa wa bayaninsu na yadda duniyarmu da rana da sauran taurari ke samar da ƙarfin maganaɗisu, kuma a yau fanni ne mai zaman kansa da ake ba ɗaliban digiri na biyu da na uku horo mai zurfi a kai.

A shekarar 1600 likitan nan na Ingila William Gilbert ya bayyana cewa ita kanta duniya babban maganaɗisu ce, abin da ya sa allurar kamfas take fuskantar arewa. An daɗe ana zaton wani dunƙulallen ƙarfe ne a cikinta yake wannan aiki, sai dai ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa idan zafi ya kai kusan digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, alhali zafin tsakiyar duniya ya haura digiri 5,000. Saboda haka dole a sami wani abu da ke sabunta wannan ƙarfi ba dare ba rana. Joseph Larmor ne ya fara kawo shawarar dainamo a 1919 game da rana, sannan Walter Elsasser da Edward Bullard suka shimfiɗa lissafinta game da duniya daga shekarun 1940 zuwa 1950.

Kimanin kilomita 2,900 a ƙarƙashin ƙafafunmu akwai narkakken ƙarfe mai kaurin kusan kilomita 2,200, wanda yake kewaye da daskararren ƙwallon da ke can tsakiya. Mai zafi yana tasowa sama, wanda ya huce yana nutsewa ƙasa, juyawar duniya kuma tana murɗa wannan kai-komo. Da yake ƙarfe yana ɗaukar lantarki, motsinsa cikin maganaɗisun da ke akwai yana haifar da lantarki, shi kuma lantarkin yana haifar da sabon maganaɗisu, haka abin yake ciyar da kansa. A nan ya sha bamban da na keke, domin na keke yana da maganaɗisu na dindindin a cikinsa, na duniya kuwa motsi kaɗai ke riƙe da shi, kuma da motsin zai tsaya, ƙarfin zai dushe cikin kimanin shekara 20,000. Wannan, a ganina, shi ne wurin da ya fi cancantar ɗalibi ya tsaya ya yi tunani.

Rana tana yin nata ne da iskar gas mai tsananin zafi, kuma kusan duk shekara 11 arewanta da kudunta na maganaɗisu suna musanya wuri. Duniya ma takan yi irin wannan juyi, amma ba a kan ƙayyadadden lokaci ba, na ƙarshe ya auku kimanin shekara 780,000 da suka wuce, kamar yadda duwatsu masu aman wuta suka adana shaida. Mushtari ta fi duk duniyoyin da ke kewaya rana ƙarfin maganaɗisu, Zuhura, wadda muke kira Zara matar wata, ba ta da dainamo, ta Mirrihi kuwa ta mutu tun kusan shekara biliyan 4 da suka shige.

Amfanin abin a kusa yake da mu. Wayar da matafiyi ke juyawa a tashar mota a Ƙauran Namoda don gano alƙibla, wannan ƙarfi take aunawa, kuma shi ne yake karkatar da yawancin guguwar da rana ke fesowa. Idan guguwar ta yi tsanani takan taɓa wutar lantarki, kamar yadda ya faru a lardin Kwibek na Kanada a watan Maris na 1989, inda aka yi awa tara cikin duhu.

Horo a wannan fanni yana buƙatar lissafi mai ƙarfi, da ilimin lantarki, da na kwararar ruwa, da iya sarrafa kwamfuta, tun da babu rijiyar da za ta kai mutum can ƙasa. Sai a 1995 Gary Glatzmaier da Paul Roberts suka yi nasarar kwaikwayon juyawar maganaɗisun duniya a babbar kwamfuta. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Tarayya ta Gusau da yake sha'awar wannan fage, ya dace ya riƙe darussan lissafinsa hannu bibbiyu tun daga aji ɗaya, domin da su ake tantance masu neman gurbin ƙaro karatu a kansa.