Tambarin bayan rubutu a takardar kwamfuta

Tambarin bayan rubutu, wanda masu shagunan buga takardu suke kira watamak, shi ne kalma ko hoto mai dishi-dishi da ake shimfiɗawa a bayan rubutu, a gan shi amma kada ya hana karatu. Da shi ake nuna mai takarda, ko matsayinta: daftari ce, ta sirri ce, ko kwafi.

Asalinsa daga masana'antar takarda ne. Masu yin takarda a garin Fabriano na Italiya suka fara shi a ƙarshen ƙarni na 13, ta hanyar ɗinka waya mai siffa a kan rariyar da ake tace ruwan haɗin takarda, sai wurin ya fi sauran siriri, ya bayyana in an ɗaga ta zuwa haske. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan. Yawancin littattafan da malaman Gwandu da Sakkwato suka kwafa da hannu a ƙarni na 19 an rubuta su ne a kan takardar Italiya da ta ƙetaro Sahara, mai alamar jinjirin wata uku, kuma da irin waɗannan alamu masu bincike suke kimanta shekarun rubutu. Takardar naira dubu ma tana da nata.

A manhajar Microsoft Word, daga fitowar 2013 zuwa yau, ana shiga Design a danna Watermark. A ta 2007 da 2010 yana ƙarƙashin Page Layout. Akwai shiryayyu, amma mai son nasa zai zaɓi Custom Watermark, ya rubuta kalmarsa, kamar DAFTARI ko SIRRI, ya zaɓi launi, ya ce a karkace ko a miƙe. In hoto ne, kamar bajon makaranta, sai a bar alamar Washout don ya koɗe. Kalma mai ƙ ko ɗ tana bukatar salon haruffan da ya san su, in ba haka ba sai ta fito da akwati a tsakiya. A Google Docs yana ƙarƙashin Insert, a LibreOffice Writer kuma Format.

Abin da ya fi wahalar da masu aikin a Birnin Kebbi, musamman lokacin da ɗaliban Kwalejin Waziri Umaru suke kawo kundin kammala karatu, shi ne tambarin ya fito a wasu shafuka ya ɓace a wasu. Dalili shi ne Word yana ajiye shi a cikin kan shafi ne, wato Header. In an raba takardar sashe-sashe, ko an ba shafin farko kai na daban, dole a buɗe kan kowane sashe a liƙa shi. Launi mai duhu kuwa yana shan tawada, kuma na'urar fotokwafi tana ƙara masa baƙi har ya cinye rubutun. Toka-toka mai haske ya fi.

Kada a ɗauke shi makulli. Duk wanda aka tura wa fayil ɗin Word zai iya goge shi da danna Remove Watermark, shi ya sa takardar da za ta bi WhatsApp gara a mayar da ita PDF tukuna.