Gazawar Zuciya Ba Lallai Kitse Ba Ne

A Zangon Kumasi an daɗe ana cewa duk wanda zuciyarsa ta gaza har ƙafafu suka kumbura, kitse ne ya yi masa yawa a jini. Maganar tana da tushe, domin kolestarol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini, kan toshe jijiyoyin zuciya. Amma a ƙasashenmu hawan jini ne ya fi jawo wannan ciwo, kumburin kuma ruwa ne ya taru. Wani ma idan ciwon ya yi nisa kolestarol ɗinsa sauka yake yi, kuma saukar ba alamar sauƙi ba ce. Ido ba ya ganewa, sai an yi gwajin jini da awon hawan jini a asibiti. Kada a bar magani sai da izinin likita. Don Allah a tura wa ’yan uwa.