Horon aiki ƙarƙashin kulawa ga masu neman shaidar nazarin ɗabi'a

Horon aiki ƙarƙashin kulawa shi ne zangon da mai son zama ƙwararren manazarcin ɗabi'a yake yi yana aiki da mutane kai tsaye, a makaranta ko cibiyar jinya ko gida, yayin da wani ƙwararre da ya riga shi samun shaida yake duba aikinsa, yana yi masa gyara, yana kuma sa hannu a kan awowin da ya yi. Wannan horo ɗaya ne daga cikin sharuɗɗan da hukumar Behavior Analyst Certification Board, wadda aka fi sani da BACB, ta gindaya kafin ta ba mutum shaidar BCBA, wato takardar da ke tabbatar da shi a matsayin ƙwararren manazarcin ɗabi'a. Sauran su ne digiri na biyu, da darussan nazarin ɗabi'a da hukumar ta amince da su, da cin jarrabawa. Hedikwatar hukumar tana Littleton a jihar Colorado ta Amurka, kuma an kafa ta a 1998.

Nazarin ɗabi'a na aikace, wato ABA a taƙaice, fanni ne da ya samo tushe daga binciken masanin halayya na Amurka B. F. Skinner kan yadda abin da ya biyo bayan aiki yake ƙarfafa shi ko ya raunana shi. Ya tsaya da ƙafarsa a 1968, shekarar da aka fara buga mujallarsa ta farko, inda Donald Baer da Montrose Wolf da Todd Risley na Jami'ar Kansas suka zayyana siffofinsa bakwai. A yau mafi yawan masu wannan shaida da yara masu otizim suke aiki, wato lalurar da ke shafar sadarwa da mu'amala da mutane, ko da yake akwai su a ilmi na musamman, da kula da tsofaffi, da tsarin aiki a ma'aikatu.

Asalin sharaɗin

Tsananta sa ido a wannan fanni yana da dalili mai ɗaci. A 1972 aka bankaɗo cin zarafin da ake yi wa masu naƙasar ƙwaƙwalwa a wata cibiyar gwamnati mai suna Sunland da ke Miami, a jihar Florida. Ana dukansu, ana hana su abinci, ana kunyata su a gaban jama'a, duk da sunan gyaran ɗabi'a. Ma'aikatan sun tsinci wasu dabaru ne ba tare da horo na kirki ba, kuma ba a sa ido kan abin da suke yi yadda ya kamata. Bayan bincike, Florida ta kafa tsarin bitar shirye-shiryen gyaran ɗabi'a, daga baya kuma ta fito da jarrabawa da shaidar jiha. A kan wannan harsashi Jerry Shook ya gina BACB. Darasin da fannin ya ɗauka shi ne cewa dabarar da take iya koya wa yaro magana tana iya cutar da shi idan ta faɗa hannun wanda ba a taɓa kallon aikinsa ba, kuma jarrabawar takarda ba ta nuna yadda mutum zai yi idan yaro ya fara buga kansa a bango.

Awowi da ƙa'idojinsu

A tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022, hanya biyu ce. Ta farko awa 2,000 ce, kuma a kowane wata dole kashi 5 cikin 100 na awowin su kasance tare da mai kulawa, da ganawa aƙalla sau 4. Ta biyu ta fi matsewa: awa 1,500, kashi 10 cikin 100 na kulawa, ganawa sau 6 a wata. Ana iya haɗa hanyoyin biyu. Kafin 2022 hanya uku ce, ta awa 1,500 da ta 1,000 da ta 750, saboda haka sabon tsarin ƙari ne babba. Mai neman ƙaramar shaida ta BCaBA, wadda ake samu da digiri na farko, awa 1,300 zai yi, ko 1,000 a matsattsiyar hanya.

Wata-wata ake lissafi. Ba a ƙirga wa ɗalibi watan da bai kai awa 20 ba, ba a kuma karɓar abin da ya haura 130. Ke nan ko da mutum ya cika kowane wata taf, hanyar farko ba za ta gaza masa wata 16 ba, ta biyu kuma wata 12. Dole a kammala duka cikin shekara 5 a jere. Ba a fara ƙirga sai ɗalibi ya fara halartar darussan fannin, ya sami mai kulawa da ya cancanta, sun kuma rattaba hannu kan yarjejeniya da ta fayyace nauyin kowa da yanayin da mai kulawa zai iya ƙin sa hannu.

A kowane wata sai mai kulawa ya ga ɗalibin yana aiki da wanda ake taimaka wa aƙalla sau ɗaya, ido da ido, ko ta bidiyo kai tsaye, ko ta wanda aka naɗa. Watan da ba a yi wannan ba, awowinsa sun tafi. Aƙalla rabin lokacin kulawa dole ya zama tsakanin su biyu kaɗai. Ragowar ana iya yinsa a rukuni da bai wuce ɗalibai 10 ba. Akwai fom da ake cikewa kowane wata a sa masa hannu kafin ƙarshen watan da ke biye, da fom na ƙarshe, kuma duka ɓangarorin za su adana takardun shekara 7 saboda hukumar tana iya neman ganinsu. Ta kuma sanar da sauye-sauye daga Janairun 2027, ciki har da ɗaga iyakar wata zuwa awa 160 da rage kason kulawa a matsattsiyar hanya zuwa kashi 7.5.

Ayyuka masu iyaka da marasa iyaka

Nan ne zuciyar tsarin take, nan ne kuma ɗalibai suka fi shan wahala. An raba awowin gida biyu. Ayyuka masu iyaka su ne zama da yaro ana aiwatar da shirin da wani ya rubuta: koya masa neman ruwa da hoto, ko wanke hannu mataki-mataki. Ba a yarda su wuce kashi 40 cikin 100 ba. Marasa iyaka su ne aikin manazarcin kansa: tantance dalilin ɗabi'a, tsara yadda za a auna ta, zana jadawalin bayanai da karanta shi, rubuta shiri da sake masa fasali, horar da iyaye da malamai, da bin binciken da ya shafi wanda ake taimaka wa. Dole su kai kashi 60, wato awa 1,200 cikin 2,000.

A ɗauki yaron da yake yaga takarda yana kuka duk lokacin da aka ce ya yi rubutu. Mai aiwatar da shiri zai bi abin da aka rubuta masa. Manazarci kuwa sai ya gano abin da yaron yake samu daga yin hakan. Fannin ya saba duba abu huɗu: jawo hankalin babba, kuɓuta daga aikin da ya yi nauyi, samun wani abu da yake so, ko jin daɗin da aikin kansa yake ba jiki. Brian Iwata da abokan aikinsa ne suka fito da hanyar gwada waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya a 1982. Idan kuɓuta yaron yake nema, fitar da shi daga aji lada ne a wurinsa, kukan zai ƙaru. Abin da ya dace shi ne a sassauta aikin a koya masa neman hutu da baki ko da alama. Ɗalibin da ya shafe awa dubu yana aiwatar da shirin wasu zai iya zama gwani wajen riƙe yaro, amma bai taɓa yanke irin wannan hukunci ba, kuma ranar da ya karɓi shaida shi za a tambaya.

Matsalar ita ce kuɗi. Ɗalibai da yawa suna tara awowinsu ne suna aiki a matsayin RBT, ƙaramin ma'aikacin da ke aiwatar da shiri bayan horon awa 40, matakin da hukumar ta ƙirƙiro a 2014. Kamfanonin inshora suna biyan kuɗin zaman da aka yi da yaro, ba kasafai suke biyan lokacin da ɗalibi ya yi yana koyon rubuta shiri ba. Don haka cibiya takan cika masa rana da zama, shi kuma ya koma neman awowi marasa iyaka da dare ko a ƙarshen mako, sau da yawa ba biya. Wani lokaci sai a cike gurbin da karatun da bai shafi kowane yaro ba, a rubuta shi a fom. Fom ɗin zai cika, ƙwarewar ba ta samu ba.

Mai kulawa

Yawanci mai kulawa BCBA ne da ya yi horon awa 8 kan kulawa. Wanda bai cika shekara da samun shaida ba sai ya kasance yana tuntuɓar wani da ya fi shi daɗewa kowane wata. Ba a yarda ya zama ɗan'uwan ɗalibin ba, ko na ƙasa da shi a wurin aiki, ko ma'aikacinsa, amma an halatta ɗalibi ya biya kuɗin kulawa, kuma da dama suna biya idan wurin aikinsu ba shi da mai yi musu. Haka kuma ɗalibi ba zai ƙirga awowin da ya yi da ɗansa ko wani nasa ba. Dokar ɗa'a ta fannin, wadda ta fara aiki a 2022, ta ware sashe guda ga haƙƙin ɗalibai: kada mai kulawa ya ɗauki fiye da waɗanda zai iya, kada ya koyar da abin da bai ƙware a kai ba, kuma nauyin aikin ɗalibin yana wuyansa.

Hanyar koyarwar da aka fi yarda da ita mataki huɗu ce: a yi bayani, a nuna, ɗalibi ya gwada, a gaya masa inda ya dace da inda ya kauce, a yi ta maimaitawa har ya iya. Wata dabarar ita ce su biyun su kalli zama ɗaya, kowa ya ƙirga ɗabi'ar shi kaɗai, sannan a gwama. Idan ɗalibi ya ga yaro ya kai bugu sau 12 mai kulawa ya ga sau 7, to ba su ma daidaita kan abin da ake kira bugu ba, kuma duk jadawalin da aka gina a kai ba abin dogaro ba ne. Kulawa irin wannan tana cin lokaci, ga shi kashi 5 cikin 100 na wata mai awa 100 awa 5 ce kacal. Awa 8 na horo ma kaɗan ne ga mai ɗaukar wannan nauyi, musamman da yake fannin ya bunƙasa da sauri bayan jihohin Amurka sun wajabta wa inshora biyan kuɗin kula da masu otizim, har masu kulawa da yawa su ma sababbi ne.

Akwai kuma sukar da manya masu otizim suke yi, cewa an horar da wasunsu a kan biyayya da ɓoye halinsu maimakon abin da zai amfane su. Sukar tana da nauyi, kuma a zaman kulawa ne ake iya amsa ta a aikace: a koya wa ɗalibi gane lokacin da yaro yake nuna bai yarda ba, ko da ba ya magana, da tambayar wa wannan manufa za ta amfana kafin a sa ta a shiri.

A wajen Amurka

Shekaru da yawa mutum yana iya neman BCBA daga kowace ƙasa. A ƙarshen 2019 hukumar ta sanar cewa daga 1 ga Janairu, 2023 za ta karɓi sababbin masu nema ne kawai daga mazauna wasu ƙasashe ƙalilan, ciki har da Amurka, ta bar sauran ƙasashe su kafa nasu tsarin. Mazauna Nijeriya da Nijar da Gana suna cikin waɗanda wannan ƙofa ta rufe musu. Masu son shiga fannin daga irin waɗannan ƙasashe sun karkata ga wasu hukumomin ba da shaida, wato IBAO da QABA, waɗanda su ma suke buƙatar awowin aiki ƙarƙashin kulawa bisa nasu ƙa'idojin. Inda ƙwararru suka yi ƙaranci, ta intanet ake yin kulawar, kuma hakan yana nufin mai kulawa yana iya kallon bidiyon uwa da ɗanta suna magana da harshen da ba ya ji, sai ya dogara da fassarar ɗalibin da yake dubawa.