Ungozoma a karkarar Kano da Jigawa

Ungozoma, wadda wasu ke kira unguwar zoma, mace ce da ake kira idan haihuwa ta zo domin ta tsaya wa mai naƙuda, ta yanke cibi, ta wanke jariri, ta kuma kula da mai jego a kwanakin farko. Galibi dattijuwa ce da ta daina haihuwa, mazauniyar ƙauyen ko unguwar, kuma da wuya a kira ta da sunanta: Inna, Iya ko Goggo ake ce mata. A ƙauyuka da yawa ba a aika mata sai jariri ya faɗo, don haka aikinta ya fi karkata ga abin da ke biyo bayan haihuwa.

Koyon aikin

Babu makaranta, babu ranar yaye ɗalibi. Yawanci gado ne: mace tana bin uwarta, kakarta ko uwar mijinta gidajen haihuwa shekara da shekaru, tana hura wuta, tana ɗora ruwan zafi, tana riƙe fitila, tana wanke zannuwa. Daga nan a bar ta ta riƙe mai naƙuda, sannan ta yi wa jariri wanka. Yanke cibi shi ne abin da ake sakar mata a ƙarshe. Akwai kuma waɗanda larura ta sa su a ciki, haihuwa ta zo da tsakar dare babu wata babba a kusa, suka karɓa, daga ranar mutane suka riƙa aika musu.

Haihuwar farko da take karɓa

Ranar da sabuwar ungozoma ta fara tsayawa ita kaɗai ba a shirya ta. Takan zo ne idan babbar ta yi tafiya, ko tana kwance, ko ƙarfinta ya ƙare. Haihuwar takan kasance ta 'yar uwa ko maƙwabciya, sau da yawa kuma ta fari, tunda al'adar goyon ciki tana mayar da mai cikin fari gidan iyayenta tun watan bakwai ko takwas.

Abin da ya fi wahalar da sabuwa shi ne shiru. Kunya tana hana mai haihuwar fari yin kuka ko faɗin cewa ciwo ya fara, har wata ta yi wuni tana fama a ɗaki uwarta ba ta sani ba, ita ma uwar, kara tana hana ta tsayawa a kan 'yarta ta fari. Dole ungozoma ta karanci naƙuda daga gumi, cije leɓe da yadda yarinya ke dafa bango. Maganarta ba ta da yawa: "Sannu, 'yar nan, daure," sai kuma "Yi nishi" idan kai ya taho. A durƙushe ake haihuwa bisa al'ada. Ana shafa baya da ƙugu, ana ba da ruwa ko kunu, a gidaje da yawa kuma a karɓo rubutu daga wurin malam.

Bayan jariri ya faɗo ana jiran mabiyiya, kuma ba a cewa mace ta sauka sai ta fito. Nan ne ake gane nutsuwar sabuwar ungozoma, domin jan cibiya da gaggawa na iya jawo zubar jini. Sai a ɗaure cibi da zare, a yanke. A da ana amfani da aska ko ɓawon kara, yanzu sabuwar reza. Ungozoma ce ke wanke mabiyiya ta binne a bayan ɗaki. Idan komai ya tafi daidai, matan gida su shigo da "barka da arziki", labari kuma ya zaga ƙauye cewa wance tana da hannu.

Jego da lada

Ungozoma kan yi mako tana zuwa safe da yamma, tana wankan jariri da gashin cibi, tana taya wankan jego da tafasasshen ruwa da ganye. Wankan kan kai kwana 40, tare da kunun kanwa da nama mai yaji. Likitoci a Zariya sun danganta yawan kanwa da zafin da ake sha da ciwon zuciya na bayan haihuwa tun a shekarun 1970. Ranar suna ake sallamar ungozoma da sabulu, hatsi, ɗan kuɗi da kasonta na naman rago. Ba a yin ciniki.

Abubuwan da ake suka

Yankan gishiri, wato tsaga gaban mace da aska da ake yi idan naƙuda ta daɗe, zubar da dakashi, da jinkirin kai mace asibiti. Doguwar naƙuda ita ce babbar sanadin yoyon fitsari, wanda ake yi wa aiki a Asibitin Murtala da ke Kano da kuma Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008.

Hukuma da ungozoma

A shekarun 1970 da 1980, musamman bayan taron lafiya na duniya da aka yi a Alma Ata a 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan horar da ungozomomin gargajiya, aka riƙa koya musu wanke hannu da tsabtace kayan yanke cibi. Taron Nairobi na 1987 ya ɗaga batun mace-macen mata wajen haihuwa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ra'ayi ya juya, aka koma neman ƙwararriyar ma'aikaciya a kowace haihuwa, kuma a 2009 Najeriya ta fara shirin tura ungozomomin asibiti zuwa karkara. Ko horon farko ya rage mace-mace, har yanzu masana ba su daidaita ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti, Arewa maso Yamma kuma ba ta kai kashi 20 ba.

Abin da ake nema daga ungozoma yanzu shi ne ta tura mai ciki awo, ta gane alamun haɗari kamar jijjiga, kumburi, zubar jini da naƙudar da ta wuce wuni, ta kuma raka ta asibiti. A Jigawa shirin Haihuwa Lafiya ya yi aiki a kan wannan, tare da tsarin jigilar gaggawa na direbobin haya.

Kama da dula

A Amurka da Turai akwai mai rakiyar naƙuda da ake kira dula, kalmar Girkanci mai nufin baiwa ko mai hidima, wadda ta yaɗu daga shekarun 1970. Dula ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibi, lallashi da tsayawa kusa ne aikinta. Ungozomar da ta raka mace asibiti ta bar wa nas yankan cibi kusan wannan aikin take yi, in dai an bar ta ta shiga ɗakin haihuwa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙyale kowace mai naƙuda ta shiga da wanda ta zaɓa, amma a ɗakunan da gadaje ke jere babu labule sau da yawa a bakin ƙofa ake tsayar da ungozoma.