Waiwaye: asalin makarantun ’yan mata zalla a Birtaniya da amfanin da ake faɗa a kansu

A Birtaniya, idan aka ce makaranta mai zaman kanta, ana nufin wadda iyaye ke biyan kuɗi, gwamnati kuma ba ta gudanar da ita. Yaran da ke irin waɗannan makarantu ba su wuce 6 zuwa 7 cikin 100 na ɗaliban ƙasar ba, amma a cikinsu ne gardamar raba mata da maza a aji ta fi tsami, domin a nan ne iyaye ke da zaɓi kuma suke biyansa da tsada. Shugabannin makarantun ’yan mata suna cewa yarinya ta fi sakewa, ta fi ɗaga hannu a aji, ta fi shiga lissafi da kimiyya idan babu samari a kusa. Masu goyon bayan cakuɗawa suna cewa duk wannan talla ce. Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, yana da kyau ya san cewa waɗanda suka kafa makarantun nan ba da wannan hujjar suka fara ba.

A farkon ƙarni na 19, ’yar mai hali a Ingila a gida take karatu wurin malamar gida, ko a tura ta wata ƙaramar makarantar kwana a koya mata kiɗan fiyano, zane, ɗinki da ɗan Faransanci, abin da zai sa ta samu miji. ’Yan’uwanta maza suna manyan makarantun samari irin su Eton ko Rugby suna shirin jami’a. Su kansu malaman gidan yawancinsu ba su yi wani karatun kirki ba, mata ne da mutuwar uba ko karayar arziki ta tilasta wa neman abin kai wa baka. Don a ba su ilimi da takardar shaida ne F. D. Maurice ya jagoranci buɗe Queen’s College a titin Harley da ke Landan a 1848. Daga nan mata biyu suka fito waɗanda sunansu ba ya ɓata a wannan tarihin: Frances Mary Buss da Dorothea Beale.

Buss ta buɗe North London Collegiate School a 1850, a gidan iyayenta da ke Camden, da ɗalibai 35. Makarantar jeka-ka-dawo ce, kuɗinta da sauƙi, kuma ba ta tambayar sana’ar uban yarinya kafin ta karɓe ta, wanda a wancan zamani abin mamaki ne. Beale kuwa ta karɓi shugabancin Cheltenham Ladies’ College a 1858, lokacin da ɗalibanta ba su kai ɗari ba, ta riƙe ta har rasuwarta a 1906, ta bar ta da kusan dubu. Iyaye sun sha yi mata ƙorafi a kan lissafi, don a ganinsu ba abin da ’ya mace za ta yi da shi.

Abin da ya faru a 1863 ya nuna girman aikin da ke gabansu. Emily Davies, mai fafutikar ilimin mata, ta matsa wa Jami’ar Cambridge lamba har ta yarda, a matsayin gwaji, ’yan mata su zauna jarrabawar da take shirya wa samarin sakandare. An ba su ’yan makonni kawai su shirya. Sama da 80 suka zauna, 25 daga makarantar Buss. A sauran darussa sun taɓuka, amma a lissafi da yawa suka faɗi warwas, har da ɗaliban Buss. Buss ba ta nemi uzuri ba. Ta koma ta sake tsarin koyar da lissafi a makarantarta daga tushe, cikin ’yan shekaru kuma sakamakon ya canja. A 1865 Cambridge ta buɗe wa mata jarrabawar a hukumance. Waɗannan mata biyu, Davies da Buss, suna cikin waɗanda suka ba da shaida gaban hukumar Taunton, wadda ta binciki makarantun Ingila daga 1864 zuwa 1868, ta kuma ce karatun ’yan mata ba shi da tushe, ado ne kawai na waje. Dokar 1869 da ta biyo baya ta ce a riƙa sanya ’yan mata cikin dukiyar waƙafin da a da samari kaɗai ke cin moriyarta.

Daga nan abu ya yi ta haɓaka. A 1872 Maria Grey da ’yar’uwarta Emily Shirreff, tare da Mary Gurney da Lady Stanley, suka kafa kamfanin makarantun jeka-ka-dawo na ’yan mata, wanda ya buɗe ta farko a Chelsea a 1873. Shi ne yau ake kira GDST, mai makarantu sama da 20. Makarantun kwana suka biyo baya: Roedean a 1885, Wycombe Abbey a 1896. St Paul’s ta ’yan mata ta buɗe a 1904, kuma a nan Rosalind Franklin, wadda aikinta ya taimaka wajen gano surar DNA, ta fara koyon fiziks da kimiyyar sinadarai.

Ba a bar su sun yi aikin cikin kwanciyar hankali ba. A 1873 wani likita na Harvard, Edward Clarke, ya rubuta cewa karatu mai zurfi yana janye ƙarfin jikin budurwa daga mahaifa zuwa ƙwaƙwalwa, ya bar ta da ciwo ko rashin haihuwa. A shekarar da ta biyo, Henry Maudsley ya maimaita irin wannan a Ingila, likita Elizabeth Garrett Anderson ta mayar masa da martani. Amsar da ta fi kowace ƙarfi ta zo a 1890. Philippa Fawcett, wadda ta yi sakandare a Clapham, ɗaya daga makarantun kamfanin nan, ta zauna jarrabawar ƙarshe ta lissafi a Cambridge. A al’ada ana karanta sunayen maza bisa matsayi, sannan a karanta na mata daban, a faɗi inda kowace za ta faɗo da a ce namiji ce. Da aka zo kanta, sai mai karantawa ya ce tana sama da na ɗaya. Ɗakin ya kaure da shewa. Duk da haka ba a ba ta digiri ba, don Cambridge ba ta fara bai wa mata cikakken digiri ba sai 1948, bayan Landan ta yi tun 1878, Oxford kuma a 1920.

A duk tsawon wannan zamani, ba wanda ya tsaya auna ko yarinya ta fi ƙoƙari ita kaɗai ko tare da samari. Ƙofar makarantun samari a rufe take, sai mata suka gina tasu. Burin Buss da Davies shi ne yarinya ta karanta abin da yaro ke karantawa, ta zauna jarrabawar da yake zaunawa. Ina ganin wannan ya kamata a riƙa tunawa, domin a yau akwai masu kare makarantun ’yan mata da cewa ƙwaƙwalwar mace daban take, don haka sai an koyar da ita ta wata hanya dabam. Wannan hujjar ta fi kusa da ta Clarke da Maudsley a kan ta matan da suka aza harsashin.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iska ta juya. A 1965 gwamnatin Labour ta buƙaci ƙananan hukumomi su koma tsarin sakandare na kowa da kowa, yawancin sababbin makarantun kuma suka zama na maza da mata. Binciken R. R. Dale, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1969 da 1974, ya ce yara sun fi jin daɗi a makarantar da aka haɗa. A ɓangaren masu zaman kansu, Marlborough College, tsohuwar makarantar samari, ta fara karɓar ’yan mata a ajujuwa biyu na ƙarshe a 1968, ta zama ta kowa gaba ɗaya a 1989. Wasu da dama suka bi sahu. Dalilin bai tsaya ga son adalci ba: ’yan mata masu ƙoƙari suna ɗaga sakamakon makaranta, suna cike guraben da suka rage, kuma iyaye sun fi son kai ’ya’yansu duka wuri guda. Tafiyar kusan kullum hanya ɗaya take bi. Yarinya ce ke barin makarantarta tana shekara 16 ta shiga ta samari, mai tsohon suna da faffadan fili, ta tarar da al’adun da aka gina ba da ita a zuciya ba. Makarantar ’yan mata ta ɗauki shekara biyar tana renon ɗaliba, wata ta girbe sakamakon.

Dokar hana nuna bambancin jinsi ta 1975 ta ƙyale makarantun jinsi ɗaya su ci gaba. Amma a 1976 aka soke tallafin da gwamnati ke bai wa wasu makarantu kai tsaye don su karɓi ’ya’yan marasa ƙarfi kyauta, makarantun GDST da ire-irensu suka koma dogaro da kuɗin iyaye. Tun daga lokacin ya zama dole makarantar ’yan mata ta bayyana wa uba da uwa dalilin da zai sa su zaɓe ta. Ƙungiyarsu ta GSA, wadda aka kafa a 1974, ita ce ta zama bakinsu. Da aka fara buga jadawalin sakamakon jarrabawa a jaridu a farkon shekarun 1990, makarantun ’yan mata suka mamaye saman jerin, aka samu hujja mai sauƙin nunawa.

Sai dai wannan hujjar ita ce mafi rauni. Makarantar da ke tace ɗalibanta da jarrabawar shiga mai tsanani, iyayensu kuma masu ilimi ne da hali, dole ta yi fice ko da samari ko babu. Alan Smithers da Pamela Robinson na Jami’ar Buckingham sun faɗi haka a 2006: ƙoƙarin yaro da gidan da ya fito sun fi rabawa ko haɗawa tasiri nesa ba kusa ba. A 2014 Erin Pahlke, Janet Hyde da Carlie Allison suka tattara bincike 184 da suka shafi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 21, suka ga cewa a binciken da aka yi da kyau, inda aka cire tasirin arziki da zaɓe, bambancin bai taka kara ya karya ba. A Trinidad da Tobago, Kirabo Jackson ya gano a 2012 cewa yawancin ɗalibai ba su ƙaru da komai ba, sai ’yan matan da su da kansu suka nace suna son makarantar mata. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ne ya ba da sakamako dabam. A can an daɗe ana rarraba ɗalibai zuwa makarantun sakandare ta hanyar ƙuri’a, don haka ba iyaye ne suka zaɓa ba, kuma binciken Hyunjoon Park da abokan aikinsa na 2013 ya nuna waɗanda suka faɗa makarantun jinsi ɗaya sun fi cin jarrabawar shiga jami’a. Ko a nan ma, da yawa cikin makarantun jinsi ɗayan masu zaman kansu ne, abin da ke sa rarrabe dalilan ya yi wuya.

Inda hujjar ta fi tsayawa da ƙafafunta shi ne zaɓen darasi. A 2012 cibiyar masana fiziks ta Birtaniya ta fitar da rahoto a kan makarantun gwamnati a Ingila: kusan rabin makarantun da aka haɗa maza da mata ba su tura yarinya ko ɗaya ta karanta fiziks a matakin A-level, wato ajujuwa biyu na ƙarshen sakandare, ba a 2011, kuma yarinyar da ta fito daga makarantar mata ta fi kusan ninki biyu da rabi yiwuwar ɗaukar darasin. Alice Sullivan, Heather Joshi da Diana Leonard, da suka bi rayuwar mutanen da aka haifa a Birtaniya a 1958, sun ga irin wannan: matan da suka yi makarantar mata sun fi karkata ga lissafi da kimiyya, kuma albashinsu ya ɗan fi na sauran a tsakiyar rayuwa. A wani gwaji da Alison Booth da Patrick Nolen suka yi da ɗalibai a Essex da Suffolk, ’yan matan makarantun mata sun fi yarda su shiga gasa ko su ɗauki kasada.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji. Yarinya mai shekara 14 tana cike takardar zaɓen darussa, tana lissafa wa za ta zauna da shi. Idan ajin fiziks samari 20 ne da mata 2, zaɓen ya zama shela a kan ko ita wace ce, kuma ba kowace ke son yin wannan shelar a shekarun da idon mutane ya fi komai nauyi ba. A makarantar mata, wadda ta fi kowa lissafi mace ce, shugabar ɗalibai mace ce, mai buga ganga a ƙungiyar kiɗa da mai haɗa wayoyin lantarki a wasan kwaikwayo duk mata ne, ba wanda ya ɗauki hakan labari. Wannan amfani ne na gaske, kuma ni a nan nake ganin darajar makarantun take. Amma ya kamata a lura daga ina ya fito: daga yadda ake kallon mace a ajin da aka haɗa, wanda abu ne da makarantar haɗaka mai shugabanci nagari za ta iya gyarawa, wasu ma sun gyara. Akwai kuma masu bin tsaka-tsaki, su haɗa yara a firamare, su raba su daga shekara 11 zuwa 16, su sake haɗa su a ajujuwan ƙarshe.

A 2021 wata hujja ta sake tasowa. Dubban ’yan mata suka rubuta a shafin Everyone’s Invited, wanda Soma Sara ta kafa, irin cin zarafin da suka fuskanta, sunayen manyan makarantu masu zaman kansu suka yi ta fitowa. Hukumar duba makarantu, Ofsted, ta ziyarci makarantu da kwalejoji 32 ta tattauna da yara sama da 900, kusan 9 cikin 10 na ’yan matan suka ce zagin ƙasƙanci da turo hotunan batsa ba tare da an nema ba abu ne da ke faruwa da su ko tsaransu. Makarantar mata tana ba yarinya hutu daga wannan a cikin aji da farfajiya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta raba ta da wayar da ke aljihunta, kuma cikin masu ba da labarin har da ɗaliban makarantun mata, a kan samarin makarantun maƙwabta.

Duk da haka adadin makarantun jinsi ɗaya raguwa yake yi. Winchester, makarantar samari da aka kafa tun 1382, ta karɓi ’yan mata a ajujuwan ƙarshe a 2022, Westminster kuma ta sanar za ta zama ta maza da mata a dukkan ajujuwa nan da 2030. Daga watan Janairun 2025 gwamnati ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu. Manyan makarantu masu tsohuwar dukiya, waɗanda yawancinsu na samari ne tun asali, suna da abin jurewa. Makarantun ’yan mata sun zo a baya, waƙafinsu bai kai ba, don haka ƙanana daga cikinsu ne ke tsaka mai wuya: ko su buɗe wa samari ƙofa, ko su haɗe da wata, ko su rufe.